Muryar Inna tana wayar wata a Fakku

'Yan uwa, yau na dawo gida da hotunan mutanen da ban taɓa gani ba.

Tun da Baban Hafsa ya bugo daga Legas ya ce in canza waya nika jin tsoro. Saƙonnin muryar Inna, Allah ya jiƙanta, duk suna cikin tsohuwar. In gida ya yi mini shiru, su nika kunnawa.

Na goya Hafsa, munka hau kabu-kabu daga Kebbe zuwa Tambuwal. Na ce wa mai shagon waya, "Malam, don Allah kada ko ɗaya ya ɓace." Ya ce, "Hajiya, kwamfuta ba ta mantuwa." Ya kwashe komai cikin kwamfutarsa, ya zuba a sabuwar, ya karɓi tsohuwar ya goge ta.

Sai da na iso gida na buɗe. Shanu! Ga wani tsoho da rawani, ga taron suna. Na danna murya, sai na ji namiji yana cewa a ba maraƙi dusa.

Nan take na kira mai shagon. Ya ce, "Ke da wata mata kunka zo lokaci ɗaya, na musanya muku." Na ce na cikin kwamfutar fa? Wai ta cika, ya share. Bai da lambar matar, ya dai ji ta ce Fakku za ta.

Don Allah mai dangi a Fakku ta tambaya mini. Wadda ta ji wata tsohuwa a wayarta tana cewa "Balki, kin ci abinci?" kada ta goge. Uwata ce.