Kyaftin ɗin ƙwallon taɓarya ya tafi

Da safen nan ina shirin karyawa waya ta yi ƙara. Babban ɗan Malam Garba Kyaftin ne. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Baffa, Kyaftin ya cika."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kokon da aka zubo mini yana nan a kofi, ya huce.

Masu bibiyata a nan sun saba da faɗana a kan maganin shanu na jabu da yaran da ba sa gaida manya. Yau ku yi mini haƙuri. Maganar mutum ɗaya zan yi, kuma za ta yi tsawo, don da ba don shi ba da ni ba mutumin ƙasar Kiru ba ne.

Yaran yanzu in na ce musu mun yi gasar besbol a ƙauyukan nan tun kafin 'yancin kai, dariya suke yi, wai tsufa ya fara taɓa Baffa. To ku yi ta dariyarku. Ni na yi wasan da hannuna, kuma kafaɗar nan tawa ta dama tana ba da shaida duk lokacin sanyi.

Mu ba besbol muke ce masa ba. Sunan ma sai da talabijin ta zo na ji shi. Ƙwallon taɓarya muke cewa.

Garba ne ya kawo shi. Yana ɗan saurayi ya bi ƙanen babansa cin rani Riruwai, wajen haƙar kuza. Can ya ga yaran ma'aikata suna wani wasa da wani Bature ya koya musu: ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗaya ya maka mata sanda, ya ruga ya zaga masaukai huɗu kafin a dawo da ita. In aka cafe ta a sama, ka faɗi. Rabin dokokin ya riƙe. Sauran rabin shi ya ƙirƙira a hanya, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa yarda ba.

Sandarmu taɓaryar innarsa ce da ta karye, ya feƙe ta. Ƙwallo kuwa ƙwallon goruba ne aka naɗe da tsumma, baduku ya ɗinke da fata. In ta same ka a haƙarƙari ka san an yi wasa.

Ƙauyenmu yana kusa da Yako. Daga mu sai yaran Yako suka ɗauka, sai Kiru, sai Bebeji. Da an gama cirar gyaɗa an girbe dawa, sai a fara. Wannan makon mu je, wancan makon a zo mana, a ƙafa, wani lokaci da jaki ɗaya ɗauke da gorunan ruwa. Garin da aka je shi ke ciyar da baƙi. Babu alƙalin wasa, Garba ne alƙali, shi ne kuma kyaftin ɗinmu. Ku da kanku kun san irin rigimar da wannan ke jawowa.

Amma doka ɗaya ya kafa da ta riƙe gasar. Ba a sato yaro daga aikin gidansu. In uba ya ce ɗansa ba ya zuwa sai an gama sussuka ko kwasar kara, to duk 'yan wasa za su yi masa gayya, su taru a gonar su gama aikin, sannan a tafi fili. Da haka ya saye iyaye. Akwai dattijon da ke tura ɗansa wasan da kansa don kawai a zo a kwashe masa kara.

Ni ɗan ruga ne. A lokacin muna zaune a gonar baban Garba, shanunmu na cin kara suna bar masa taki.

Kafin nan mun sha tashi. Yau nan, gobe can, kuma kusan kullum a kan ɓarna ne, wata tamu, wata ba tamu ba. Mahaifina, wanda shi ma Baffa muke ce masa, ya gaji. Mahaifiyata Inna ga ciwon ƙafa, tafiya mai nisa ta fara gagararta. A nan ne aka fara ba Baffa ɗan fili ya shuka gero da hannunsa, kuma ya ji daɗin mutanen. Kullum da safe maganarsa ɗaya gare ni: in saniya ɗaya ta sa baki a amfanin wani, to mun tashi ke nan, kuma shi bai san inda zai kai Inna ba.

Garba ya gan ni ina jifan kanya da hoge. Ya tsaya yana kallo, ya ce in sake. Na sake. Ya ciro ƙuli-ƙuli daga aljihu ya raba biyu ya miƙo mini, ya ce gobe in zo fili.

Yaran gari suka ce ba sa wasa da mai warin nono. Garba ya ce to, duk wanda ya iya jifa kamar mai warin nono ya fito. Ba wanda ya fito.

Ba yabon kai ba, a garuruwan nan huɗu babu mai jifata.

Sai da yamma nake samun zuwa, in an kora shanu ruga. Amma karon ƙarshe na shekarar, mu da Bebeji, da hantsi za a fara, don baƙi su koma gida da ido. Lokacin kiwo ke nan, kuma ranar kasuwa ce, Baffa zai kai bijimi.

Garba ya ce ai wannan ba matsala ba ce, gayya za a yi.

Ya zo ruga ya durƙusa ya gaida Baffa, ya ce zai kawo yaran da ba sa cikin wasan su tsare shanu. Baffa ya ce masa shanu ba gona ba ne, ba sa son baƙo. Garba ya yi ta roƙo. A ƙarshe Baffa ya ce to, su zauna nesa, kada su yi ihu, kada su ɗaga sanda, su dai tare hanyar fadama.

Da safe sai ga su, kowa da fartanya a kafaɗa. Na ce me za ku nome a jikin saniya? Suka ce ai ba a zuwa gayya hannu sake. Na yi dariya, na nuna musu farar saniyar da ke jan garke, na tafi fili.

Abin da ni da Garba ba mu sani ba, bayan tafiyarmu sun zauna shiru sun gaji. Ɗaya ya ce wannan wace irin gayya ce babu kiɗa? A wajen ɗan manomi gayya da ganga tare suke tafiya. Suka aika gari aka ɗauko gangar noma.

Wallahi ba mugunta ba ce. Su a ganinsu girmama Baffa suka yi.

Muna tsakiyar wasa, muna gaba, ƙwallo na hannuna, sai na jiyo ganga daga inda bai kamata ganga ta fito ba. Na yar da ƙwallon na ruga, Garba na bina, 'yan wasanmu na binsa.

Shanun da ba su taɓa jin ganga a kunnensu ba sun watse, sun yi fadama. Yaran na binsu da ihu da fartanyoyi, abin da ya ƙara haukata su. Kafin in kira su su tsaya, sun ture shingen lambun Malam Tanko, wani dattijo mai noman rani. Albasarsa da ta fara kai sun tattake ta. Rakensa ma sun shiga.

Baffa ya dawo daga kasuwa ya je ya gani. Bai doke ni ba. Ya dai ce wa Inna ta fara ɗaure ƙore.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma na tsufa yanzu, na ga abubuwa.

Washegari aka taru a ƙofar Dagaci. Malam Tanko ya faɗi asararsa, kuma bai ƙara ko kaɗan ba. Dattawa suka ce abin da aka saba cewa: Fulani sun yi ɓarna, su gyara, su ƙara gaba. Baffa na zaune kansa a ƙasa. Bai kawo maganar ganga ba, don a ganinsa baƙo ba ya ɗora wa 'ya'yan masu gari laifi.

Yaro ba ya magana a wajen nan. Mu muna can baya, jikin katanga.

Sai Garba ya ratsa mutane, ya cire takalmi, ya zube a gaban Dagaci. Babansa ya daka masa tsawa ya koma. Bai koma ba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, shanu na Baffa ne, amma gayya tawa ce. Ni na kira ta. A garin nan in 'yan gayya sun nome gonar da ba ita ba, ko sun sare shukar wani, wa ake nema?"

Can wani tsoho ya ce mai gayya ake nema, haka aka gada.

Dagaci ya dubi baban Garba. Mutumin nan ya murtuke fuska, don kunya ce babba a ce ɗanka ya ja maka magana a gaban gari. Sannan ya ce, "Ɗana ne. Na ɗauka."

Baffa ya ɗaga kai.

Ya ce shi ma ba zai zauna ya zuba ido ba, shanunsa ne suka ci, takin lambun na wannan shekara da ta gaba a kansa. Aka rabu a kan haka. Babu wanda ya ƙara maganar tashi.

Garba ya sha bulala a gida, har ruga muka jiyo. Da na je duba shi yana kwance rub da ciki, abin da ya fara tambayata shi ne wa ya ɗauke ƙwallon da na yar.

Ranin nan kaf a lambun Malam Tanko muka yi shi. Muka tada shinge, muka sake dashen albasa, muka karɓi jigo muna ban ruwa bi da bi. Yaran Yako suka zo. Na Kiru suka zo. Na Bebeji ma suka tako ƙafa suka zo, suka yi aiki kamar gonar ubansu, suna yi suna cewa su suka ci wasa tunda mun gudu daga fili. Mu muka ce ai muna gaba aka tashi. Maganar nan ba ta mutu ba. Ina da aboki a Bebeji da ko a wajen ta'aziyya muka haɗu sai ya tayar da ita.

Mu muka ci. Na faɗa a nan, kowa ya gani.

Gasar ta ƙara wasu shekaru, har 'yan ruga biyu suka biyo bayana. Daga baya makarantu suka kawo ƙwallon ƙafa, mu kuma muka girma, aka yi aure, abin ya mutu a hankali. Sunan Kyaftin ne kawai ya ƙi barin Garba. Jikokinsa ma haka suke kiransa.

Shi bai yi boko ba, amma shi ya matsa wa Baffa a sa ni makaranta. Ranar jarrabawa a kekensa ya goya ni har Kiru. Da na zama malamin dabbobi, ko akuya ce ta yi atishawa a gidansa sai ya aiko a kira likita, don dai mutane su ji. Shekarar da mai ɗakina ta kwanta asibiti a Kano, na dawo na tarar an nome mini gona. Na tambaya, ya ce shi bai san komai ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe bayan ƙaramar Sallah ce. Na hau acaɓa na je, na same shi a zaure a kan buzu, ya rame, ido ya yi rauni. Da ya ji muryata ya yi murmushi, ya ce, "Ɗan Fulani, har yanzu ba ku tashi ba?"

Na ce muna nan, Kyaftin.

Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya ce, "To ku zauna."

Na so in yi masa godiya a kan ranar ƙofar Dagaci. Na fara, ya katse ni, ya ce in bar tsohon zance, in gaya masa nawa ake sayar da buhun masara. Haka yake. Bai taɓa bari na kai ƙarshen godiyar nan ba, shi ya sa yau nake yin ta a gabanku.

Inna ta yi sauran rayuwarta a ɗaki ɗaya, ba ta ƙara ɗaure ƙwarya don tafiya ba. Baffa ya ci geron gonarsa har ya tsufa. Su biyun suna kwance a maƙabartar garin nan, na san kabarinsu, ina zuwa duk Juma'a. Da an kore mu ranar, ban san a wane daji zan neme su ba.

Anjima za mu kai Kyaftin wannan maƙabartar. Na gaya wa 'ya'yansa, duk da tsufana, da ni za a ɗauki makara.

Ya Allah, bawanka Garba ya tsaya wa baƙi ranar da ba su da mai tsaya musu. Ka tsaya masa yau. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka ba shi masauki a Aljanna Firdausi wanda babu mai ce masa ya tashi. Ka ba iyalansa haƙuri, ni ma Ka ba ni.

Jama'a, wanda ya karanta har nan, ba laik nake nema ba. Ka ajiye wayar, ka karanta masa Ƙulhuwallahu, ka ambaci sunansa: Garba. Ka haɗa da Baffa da Inna.