Tasi'u da Sarautar Tsohon Suwic

An ce wai a Madawa aljannu sun ɗaure Tasi'u ɗan Gogo Zali da shuɗiyar igiya, sun kulle shi cikin ɗaki mai sanyi, ba ya cin komai sai wutar lantarki. Ƙarya ce tsagwaronta! Ɗakin nan zafinsa ya isa dafa ƙwai, igiyar waya ce, kuma Tasi'u na tashi da tuwon mutum uku. Ɗaurin ne kawai gaskiya.

A wani ƙauye kusa da Keita aka haife shi. Tun yana ƙarami ba rediyon da ta shiga hannunsa ta fita da rai. Da dangi suka gaji, suka tura shi Tawa ya koyi aikin rezo, wato haɗa kwamfutoci su riƙa aika wa juna saƙo, ya je ya ɓata kayan wasu. Yanzu shi ke kula da kwamfutocin wata ƙungiyar manoman albasa a Madawa, da suwic ɗinsu uku, wato akwatunan ƙarfe masu ramuka da wayoyin kwamfuta ke haɗuwa a ciki.

Masifarsa Baba Gajere ne, mai gadi, tsohon makiyayi daga Deule. A wurin Baba, igiyar da bakinta ke reto, dabba ta tsinke ke nan. Da ya ga waya na lilo, sai ya yi bismilla ya cusa ta a ramin da ya samu, baki biyu cikin akwati ɗaya. Nan saƙo zai kama zagaye, ya fita ya dawo, ya haihu ya yi jikoki, har rezo ya shaƙe.

"Baba, don Allah bar taɓa wayoyin ga!"

"Yaro, ni da ganin igiya sake in wuce? Ba a haihe ni haka ba."

Saboda haka Tasi'u bai isa ya nisa ba. Ko tasha ya kai, sai a kira shi.

Bana ruwan shuka ya sauka a Keita, gonar mahaifinsa marigayi na jira, Gogo Zali kuma ba ta da namiji sai shi. Damshi ba ya jiran kowa. Tasi'u ya rantse zai tafi. Ya zauna ya kunna wa akwatunan wani tsari: su zaɓi sarki a tsakaninsu, kowa ya bi hanya ɗaya zuwa gare shi, duk ƙofar da za ta kawo zagaye a toshe ta. Ya kira Baba Gajere ya ce ya cusa waya son ransa. Baba ya cusa, fitila ta ƙifta, ƙofar ta rufe kanta. Rezo ko gezau!

Ya rataya jaka, ya hau kabu-kabu. Bai kai bakin kasuwa ba wayarsa ta yi kuka, daga biro, wato ofishin ƙungiyar: rezo na tafiya kamar macen jaki mai ciki.

Ashe mantuwa ya yi, bai naɗa sarkin da kansa ba. A zaɓen nan kowane akwati da lambarsa, mai ƙaramar lamba ke ci, mai ƙaramar lamba kuwa tsohon suwic ne na ɗakin ajiya, wanda gizo-gizo ya yi wa rawani. Duk saƙon biro sai ya je ya durƙusa gaban tsoho. Ɗakin a kulle, makulli na aljihun patron, wato shugaban ƙungiyar, patron ya tafi Buza ta'aziyya, kuma tsohon akwatin ba ya jin kira daga nesa. Tasi'u ya zauna bakin ƙofa yana leƙen fitilarsa ta ramin makulli, rana na shan damshin gonarsu.

Da patron ya dawo ya buɗe ɗakin, Tasi'u ya ɗaga lambar tsohon suwic sama da ta sabo, ya tuɓe tsoho. Patron ya yi murna ƙwarai, har ya ce gobe Tasi'u ya je ya yi wa reshensu na Buza irinsa.

Nan taubashiyarsa Sabuwa ta kira daga ƙauye.

"Bawan gidanmu, mai naɗin sarauta! Ƙasa ta bushe hwa. Ka iya tuɓe sarkin ƙarhe, amma ka kasa ce ma patron za ka gida? Ko in aiko maka Gogo ta roƙa maka?"

Tasi'u ya share zufa da bakin riga.

"Sabuwa, ke da kike sake, ba mai gadi ba patron, gonar na bayan ɗakinki, rami nawa kinka shuka? In bakin ga naki hauya ne, da yanzu muna girbi."