Jan Hankicin Doña Eneida

Ƙarfe shida da rabi na safe, kafin zafin birnin Barranquilla ya fara dafa kwalta, Doña Eneida Barraza take buɗe ƙofar gidan masu zane na unguwarmu. Shekara ashirin da shida ke nan makullin yana hannunta, don babu mai riganta zuwa. Takan karɓi 'yar baƙar gahawarta a bakin layi, ta sayi arepa, wainar masara mai ƙwai, a teburin Yadira Orozco, ta shiga tsakar gida ta share ganyen mangwaron da ya zubo mata a tebur. Teburin nata shi ne na can ƙurya, kusa da famfo, inda aka tura ta tun ranar da aka gane abin da take zanawa. Takan fere fensir uku, ta goge tabarau da gefen riga, ta zauna.

Abin da take zanawa kuwa, bari in faɗe shi da bakina kafin wani ya riga ni da raɗa: cakulkuli ne. Manyan mutane, maza da mata, ana bin tafin ƙafarsu da gashin tsuntsu, ko ana sa musu yatsu a haƙarƙari, suna dariya kamar za su shiɗe. Akwai mutane a duniya da wannan ne ke motsa musu sha'awa, kamar yadda wani murya ke motsa shi, wani kuma ƙamshi. Su ne ke aiko mata da saƙo, a da ta gidan waya, yanzu ta intanet, su faɗi yadda suke so, ita kuma ta zana. Da wannan ta ci ta sha, da shi ta karantar da 'yarta har ta zama ma'aikaciyar jinya. Ba ta taɓa ce wa kowa furanni take zanawa ba.

Sauran 'yan gidan su goma sha ɗaya ne. Akwai masu zanen waliyyai na coci, akwai masu yi wa fuskokin katako fenti saboda bikin shekara, akwai masu zana kogi da faɗuwar rana don baƙi. Sun sa wa teburinta suna ƙuryar ƙafa. Shugabansu, Don Aristides Cantillo, gaisuwarsa gare ta ba ta wuce ɗaga gira. Amma duk wanda zana hannun mutum ya gagare shi, na waliyyi ne ko na masunci, ƙuryar yake sulalewa da tsakar rana in an watse cin abinci.

"Comadre, 'yar'uwa, duba min yatsun nan. Sun fito kamar ayaba."

"Kar ka zagi ayaba. Kawo nan. Ku hannun da kuke zanawa addu'a kawai yake yi, ba ya motsi. Ni nawa aiki suke yi."

Ta gyara, ya ɗauka ya tafi, gobe a gaban mutane ya yi kamar bai san ta ba.

Waɗanda suka zauna da ita sun ji tana cewa kuka kowa ya iya zana shi, ɗigo biyu ne a kumatu. Dariyar cakulkuli ce mai wuya, don bakin mai wannan dariya da bakin wanda ake azabtarwa iri ɗaya suke buɗewa. Bambancin yana gefen ido da kafaɗa. "In ka kuskure da layi ɗaya," in ji ta, "ka zana mugunta ke nan, kana tsammanin wasa ka zana."

Shi ya sa take da ƙa'idojin da ba ta tankwasawa. Yaro, ko wani abu mai kama da yaro, bai taɓa hawa takardarta ba. Fuskar mutumin da ke raye ba ta zana ta sai mai fuskar ya zo da ƙafarsa ya ce ya yarda. Sai kuma hankici. A duk zanenta, wanda ake yi wa cakulkuli yana riƙe da ɗan jan hankici a hannu. Wasu mata da miji ne, cikin masu sayenta na farko, suka koya mata wannan. Matar ta ce mata mai dariya in ya ce "bari," ba a yarda da shi, don dariyar tana ƙaryata shi. Saboda haka ita hankici take riƙewa, da ta sake shi ya faɗi, wasa ya ƙare, babu tambaya. Tun daga ranar Doña Eneida ba ta ƙara zana mai dariya da hannu wofi ba. Wani mai saye ya taɓa rubuto mata cewa ta cire masa tsumman nan, yana ɓata masa zane. Amsarta layi ɗaya ce: "Tare muke fita ni da shi."

A gidan masu zanen akwai al'ada. In ɗan gida ya ajiye aiki, yakan hau tsani ya rubuta sunansa da hannunsa a bangon tsakar gida, shugaba yana riƙe masa da tsanin. Wanda aka kora ba ya hawa. A bana hannun Doña Eneida ya fara rawa, shekararta sittin da huɗu, ta ce ƙarshen watan Yuni za ta ajiye fensir.

Saura mako uku wani zane ya fara yawo a wayoyin unguwa. Mace ce a ɗaure a kan benci, ana yi mata cakulkuli, fuskarta a murtuke da tsoro. Fuskar kuwa ta Yadira ce, mai arepa, babu mai musu. Layukan zanen irin na Doña Eneida ne, har 'yar ƙugiyar da take yi a ƙarshen sa hannunta an kwaikwaya. Samarin babur suka riƙa tsayawa gaban teburin Yadira suna kaɗa yatsu a iska suna dariya. Kwana huɗu ba ta kunna wuta ba.

Don Aristides ya kira taro ranar Asabar da la'asar, maganar kuma ɗaya ce: a kori Doña Eneida kafin ƙarshen wata. Wasu suka ba ta shawara a ɓoye ta ce ba ta da lafiya, ta tattara kayanta ta ɓace. Ita kuwa sai ta zo da akwatuna shida a amalanke, ta jera su ƙarƙashin mangwaro. Yadira ma ta zo, ta tsaya a bakin ƙofa, hannuwa a harɗe.

"Shekara ashirin da shida muna kau da kai daga wannan ƙazanta," in ji Don Aristides. "Yau ga ta ta fita titi, ta tozarta matar da ke ciyar da mu kowace safiya. Doña Eneida, kina da ta cewa?"

"Ina da ta nunawa. Buɗe akwatin nan."

"Ni? Allah ya kiyaye idona."

"Idon naka da ya kalli na waya har ka faɗaɗa shi da yatsa? Buɗe, Aristides, ba ya cizo."

Wani ya yi dariya ya mayar da ita tari. Don Aristides bai motsa ba, sai ita ta sunkuya ta buɗe da kanta, ta fara shimfiɗa takardun a kan tebura, tana danne su da duwatsu. Abin da ta yi shekara da shekaru tana kifewa in wani ya matso, yau ga shi a fili, ɗaruruwa, a gaban masu zanen waliyyai. Ba ta sunkuyar da kai ba.

"Ku nemo min guda ɗaya da babu jan hankici," ta ce. "Guda ɗaya tak. In kun samu, ni da kaina zan kai teburina bola. Sannan ku duba na wayar."

Babu wanda ya so ya fara. Yadira ce ta taka ta shigo, ta ɗauki takarda ta farko da yatsa biyu kamar mai ɗaukar mataccen ɓera. Ta ɗauki ta biyu, ta uku. Ta daɗe tana dubawa. A wani wuri har gefen bakinta ya motsa, don akwai wani ƙaton mutum mai gashin baki da matarsa 'yar ƙarama ta durƙusar da shi da gashin kaza ɗaya.

"Waɗannan duk jin daɗinsu suke yi," ta ce, kamar da kanta take magana. Ta ciro wayarta ta kalli zanen da aka yi mata. Hannuwan da ke ciki a ɗaure suke, babu komai a cikinsu.

"Hankici ai ana iya mantawa da shi," in ji Don Aristides.

"Kai ka taɓa manta zoben haske a kan waliyyi?"

Yadira dai ba ta ɗago ba, tana ta faɗaɗa zanen da yatsa, har ta tsaya a ƙafar hagu.

"Doña Eneida, kin taɓa ganin tafin ƙafata?"

"Ina zan gan shi, mija, 'yata? Kullum a tsaye kike."

"To ga tabon ƙusar da na taka ina yarinya, an zana shi daidai wurinsa. Mutum biyu suka san da shi. Uwata tana kabari." Ta ɗago. "Wilfrido ya zo wurinki?"

Wilfrido tsohon mijinta ne, wanda ta bari bara. Kowa ya san Doña Eneida ba ta faɗin sunan mai zuwa teburinta, ko da wuƙa a wuya. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Ya zo a watan Afrilu da hotonki. Na ce masa sai kin zo da bakinki. Ya zage ni, na watsa masa ruwan wanke burushi, ya fita. Wa ya zana masa, ban sani ba, masu kwaikwayon hannuna suna da yawa. Amma ina da laifi guda, kuma ba shi ne wanda Aristides ke tuhumata da shi ba. Washegari na sayi arepa a hannunki, na dube ki, ban faɗa miki ba. Na ce ai sirrin mai saye ne. Alhali shi ba mai saye ba ne, ɓarawon fuska ne. Wannan kam ki yafe min, ko kar ki yafe, duk kina da gaskiya."

Yadira ta mayar da wayarta aljihu.

"Ruwan burushin, baƙi ne?"

"Baƙi ƙirin. Farar riga ya sa."

"To an rage min zafi." Ta share ido da bayan hannu. "Saura kuma ni da shi ne, a gaban alƙali."

Aka kaɗa ƙuri'a. Mutum bakwai suka ce ta zauna, huɗu suka ce ta tafi, Don Aristides yana cikin huɗun. Ya ce ko ba ita ta zana wannan ba, sana'ar tata ce ta koya wa mutane hanya. Ta ce masa wuƙar da ya yanka burodi da ita da safe ma wani ya taɓa soka wa wani irinta. Ya ce shi dai ba zai riƙe mata tsani ba. Ta ce ai dama ba ta yarda da hannunsa ba, ita ce ta san yadda yatsunsa suke.

Doña Eneida, ke ce aka tura ƙurya, kika mayar da ƙuryar makaranta. Ke ce kika gyara hannuwan rabin waliyyan da ke rataye a unguwar nan, ba a taɓa ce miki sannu a gaban mutane ba. Ke ce kika ɗauki sha'awar da masu ita suke jin kunyar faɗa ko a gaban madubi, kika zana ta ba tare da kin wulaƙanta su ba, ba kuma tare da kin bari sun wulaƙanta wani ba. Mai jan hankici, ba ki taɓa roƙon a so aikinki ba. Abin da kika ƙi kawai shi ne a ɗora miki abin da ba ki yi ba, wanda kika yi kuwa kin ɗauke shi da kanki a gaban kowa.

Wanda ya ga bai dace a jinjina wa mai irin wannan zane ba, ya riƙe ra'ayinsa, ba na neman izininsa. Ni ban yi nisa a makaranta ba, kuma ba na iya zama wuri ɗaya, amma na san wannan: zanen Yadira ya shigo wayata, na yi dariya, na tura wa mutum biyu. Masu kunya da tarbiyya da yawa a unguwar nan sun yi abin da na yi. Matar da muke kira 'yar ƙuryar ƙafa ita kaɗai aka kai wa hoton nan ta ce a'a.

Ranar talatin ga Yuni da safe ta zo da gwangwanin fenti biyu, baƙi da ja. Don Aristides ya cika alkawarinsa, ya zauna a teburinsa ya ba bango baya. Tsanin yana jingine babu mai riƙo, mutane suna kallon juna, sai ga Yadira ta shigo, hannunta duk garin masara, ta kama shi da hannu biyu.

"Hau, Doña. In kin ji jiri ki faɗa."

"In na ji jiri zan saki burushi. Kin san ma'anarsa."

Hannun yana rawa, sunan ya ɗan karkace, ta ƙi bari a gyara. A gefensa ta zana ɗan jan hankici.

Mun gode, Doña Eneida. Allah ya huta da wannan hannu. Mu kuma da muka rage, masu fensir da masu waya, kafin mu zana wani, ko mu ɗauke shi hoto, ko mu tura abin da za a yi masa dariya, mu fara duba hannunsa. In babu hankici a ciki, ba wasa ba ne.