Ranar da Inna Ta Kira Sunan Sanusi

Shekara biyar ke nan da mota ta kaɗe yayana Sanusi a kan moto, wato babur, a hanyar Mayahi, ya rasu, kuma har yau mutanen garinmu ba su gane aikinsa ba. Cewa suke ya yi karatun likita ya ƙare a hira da tsofaffi. Ba hira yake ba. Bincike yake a kan cutar mantuwa, wadda ke cin ƙwaƙwalwar tsoho har ya ɓace a cikin gidansa.

Malamansa sun ba shi tambayoyin gwaji da aka tsara a ƙasar waje. Ya kai tambayoyin garuruwan Korgom da Gidan Amumune, ya dawo yana dariya. Ana tambayar tsohuwa sunan mijinta da na ɗanta na fari, ta sunkuyar da kai, sai a ce ta manta. Alhali kunya ce. Wadda kuma cutar ta kama da gaske, sai ta amsa gaisuwa tsaf, lahiya lau, gajiya babu, a ce ƙalau take. Shi ya sa ya soma sake tambayoyin. Wace rana kasuwarku ke ci? Me ake fara sa wa a miya? Ya taɓa ce mini, "Ke Rabi, ran da kika ji tsohuwa ta faɗi sunan ɗan farinta gatsal, kada ki yi dariya, ki sa ido."

Kwanan nan na ji a rediyo ana karrama matasan da ke irin wannan bincike. Madalla. Da yana nan, na san abin da zai ce: a ba su kyautar, amma a bar su su zauna a tabarmar tsofaffi tukuna. Shi ba wanda ya kira shi ko sau ɗaya. Mu nan sai mutum ya yi furfura muke yarda ya san wani abu, shi kuwa ko talatin bai cika ba.

Sanusi ne ɗan farin Inna. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai "yaron nan". Ko ranar jana'iza ba ta faɗa ba.

Bayan Sallar da ta wuce, ta tsaya a ƙofar gida da rana tsaka tana kira, "Sanusi! Sanusi, zo ka sha fura!" Kawuna ya ce baƙin ciki ne. Gwaggo ta ce iska ce, a nemo turare. Ni na tambayi Inna wace rana kasuwarmu ke ci. Ta dube ni, ta gaishe ni da kyau, ba ta ba ni amsa ba.

Na gaya wa Kawu ina zargin cutar mantuwa ce, ya yi fushi, ya huce. Ranar Litinin zan kai ta asibiti a Maraɗi. In likitan ya tambaye ta sunan mijinta, zan tsayar da shi, in gaya masa abin da yayana ya gano, in kuma faɗi sunan Sanusi sosai don ya san binciken na wane ne.