Karyar Faransa da Yatsan Yaya Isiyaku

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne yayana Isiyaku a Toranke. Shi mafarauci ne, ni kuwa awon hatsi nake yi a kasuwar Ajingi. Karatuna bai yi nisa ba, don haka zan faɗi abin yadda ya faru, ɗaya bayan ɗaya. Har yau tsoron bai sake ni ba.

Farko dai karyar. Wani direban babbar mota mai kai wake Damagaram ne ya kawo masa ita tana 'yar kwikwiya. Ya ce wani Bafaranshe mai aikin rijiyoyi ne ya bar ta da zai koma gida. Fara ce sol, gashinta gajere yana sheƙi, da ɗigon ruwan goro a kunnuwa. Direban ya ce ko a ƙasarsu irinta ba su da yawa, asalinsu gabashin Faransa, zomo da barewa suke bi, kuma sunan irin nasu da Faransanci yana nufin tangaran. Sai Yaya ya sa mata Tangaran.

Sai halinta. Karnukanmu da ido suke farauta, su gani su bi. Ita da hanci take yi. Za ta kafa kai a ƙasa, ta ɗauki sawu, ta riƙa wani dogon kuka kamar ana busa ƙaho, kuma daga nan ba ta jin kiran kowa. A gida kuwa ko kaza ba ta kora. Kaɗaici ne ba ta so. In Yaya ya tafi masallaci, a bakin zaure take kwanciya har ya dawo.

Mafarautanmu suna yanke wa kwikwiyo kunne. Yaya ya ƙi. Ranar da ya fara fita da ita farautar gayya wajen Gaya, abokinsa Sale ya dube ta ya riƙe ciki don dariya.

"Isiyaku, wannan karya ce ko tunkiya Balami? Kawo in rage mata kunnuwan nan, kar ta taka su ta faɗi."

"Kai fara rage bakinka," in ji Yaya. "In karenka ya riga ta zomo, ka zo mu yi magana."

Karen Sale bai riga ta ba, ranar ko bayanta.

Dogayen kunnuwan nan suna tara danshi da kaska, kuma Yaya mutum ne mai tsari. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci zai zaunar da ita, ya ɗaga kunne ɗaya ya goge da tsumma mai tsabta, ya ɗaga ɗayan, ya cire kaska, ya duba tafin ƙafa ko akwai ƙaya, sannan ya wanke hannunsa. Da rana tsaka ba ya barinta a fili, domin fatarta ba ta jure zafinmu. Abu ɗaya ne bai taɓa yi mata ba: allurar rigakafin haukan kare. Ya ce mafarauta suna da makarinsu tun kakanni.

Wata bazara ta bi sawu ta ɓace, sai washegari ta dawo da kunne a yage. Ba wanda ya ga abin da ya cije ta. Ciwon ya warke, muka manta. Bayan 'yan makonni ta daina ci, ta koma ƙarƙashin rumbu, muryarta ta dushe. Da Juma'a ta zo Yaya ya jawo ta kamar kullum. Karyar da ba ta taɓa yi wa yaro gurnani ba ta kama masa yatsa.

Ciwon bai kai yankan reza ba. Ya yi abin da mafarauta suke yi: ya yanki gashin wutsiyarta, ya ƙona, ya haɗa da garin magani daga ƙahonsa, ya danna a wurin, ya ɗaure. Matarsa Hajara ta ce ya je asibiti.

"Don wannan ɗan ƙwarzanen?" in ji shi. "A ji a gari an kai Isiyaku asibiti saboda Tangaran?"

Cikin makon karyar ta mutu. Yatsa ya warke sarai.

Da ruwan farko ya sauka, wurin ya fara masa ƙaiƙayi, sai zazzaɓi. Na je duba shi da hantsi, ya ce ƙishi yake ji. Na miƙa masa kofi. Ya kai hannu, sai maƙogwaronsa ya shaƙe, ya yi baya ya bugi bango, idonsa a kan kofin kamar na miƙa masa maciji. Da yayyafi ya fara sauka a kan kwano, mutumin da ya sha shiga ramin dila da hannu ya dunƙule a kusurwa yana ihu. A asibiti a Gaya aka gaya mana gaskiya: da ya zo ranar cizon, da allura ta tare ciwon, amma tunda ya fara gudun ruwa, sai addu'a. Tsakanin tashin ciwon hankalinsa yakan dawo. Abin da ya ce mini na ƙarshe shi ne, "Garba, janye yaran nan daga kusa da ni." Allah Ya jiƙansa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Dajin da ya sani ya koma gonakin gyaɗa. Samari suna ɗaukar hoton karnukansu a waya. Ɗansa Habu, wanda yana cikin yaran da na janye, shi ne yake farauta yanzu da jikokin Tangaran, masu kunne rabi a tsaye rabi a kwance. Ya gaji gogar kunnen Juma'a. Ya gaji ƙahon ma.

Farkon ranin nan wani baƙon kare ya shigo unguwa ya far wa karnukansa. Habu ya shiga rabiya, baƙon ya kama masa wuyan hannu. Aka kashe karen. Da labari ya iske ni na rufe rumfa na tafi, na tarar da shi a tsugune yana ƙona gashi a kasko. 

"Tashi ka wanke da sabulu, ka yi ta wankewa," na ce. "Sannan ka hau babur."

"Haba Baffa, maganin Baba ne fa."

"Ni na wanke gawar Babanka. Tashi."

Ya dube ni, ya tashi. Duk ranar da malaman asibiti suka ce ya dawo, da kaina na kai shi, har allurar ta cika. Karnukansa ma na sa aka nemo malamin dabbobi ya yi musu. Sale, wanda yanzu ya tsufa, ya ce na mayar da ɗan mafarauci ɗan boko. 

In na auna abin da Yaya ya bari, hannunsa mai tausayin dabba yana nan a jikin ɗansa, kuma ina gode wa Allah. Taurin kansa ma yana nan. Habu ya ce ba zai ƙara amfani da ƙahon ba, amma ya ƙi jefarwa, yana rataye a ɗakinsa.

Ranar Asabar akwai gayya. Karnukan Habu an yi musu allura. Na sauran mutane, waɗanda za su yi gudu tare da su, su yi faɗa a kan zomo ɗaya, ban sani ba. Na ce masa in ya dawo, kafin ya shiga gida, ya biyo ta rumfata ya nuna mini hannuwansa, ciki da baya.