Malam Kamilu da Littattafan Larabawa

Malam Kamilu maƙwabcinmu ne a Zawaciki. Ya daɗe yana aikin fata a wata majema ta Challawa, da ƙarfi ya ƙare sai ya buɗe Islamiyya a zaurensa. Yana jan baƙi, fassara kuwa sai dai a yi shiru.

Wata babbar gidauniyar ilimi ta ƙasar Larabawa ta raba littattafan yara, shi ma ya sami kwali biyu. Na leƙa ɗaya ranar da aka sauke su, hotunan taurari ne da kifaye. Shi kuwa Malam, duk rubutun Larabci a wurinsa aya ce. Ya ɗinka musu gafaka, ya kulle a kabad.

'Yata Badi'a ta yi ta naci.

"Malam, don Allah ku bar ni in duba na taurarin nan."

"Da wannan hannun naki mai manja? Sai kin girma."

Ta girma, yanzu biskit take naɗewa a wani kamfani a Sharada. Bara Malam ya buɗe kabad ɗin zai yi wa baƙi burga, ya tarar gara ta gama da su. Ya haƙa rami ya binne ragowar, har da addu'a.