Asabar Ba Wuta

A gidanmu na unguwar Nuzla, a Jidda, ba a hura wuta ranar Asabar. Haka na buɗe ido na tarar. Ranar Juma'a da la'asar mahaifiyata za ta tuƙa tuwo ninki biyu, washegari mu ci shi da sanyinsa, miya ta daskare a kai. Ko shayi sai mun leƙa maƙwabta. Dokar kakata ce, mahaifiyar babana, wadda na ci sunanta, kuma ba wanda ya damu da dalili sai ni da Allah ya yi da bin diddigi.

Hausata a lokacin irin ta 'yan Jidda ce. Ina ji sarai, amma in na buɗe baki rabi Larabci ne, kuma "ɗ" da "d" duk ɗaya suke a kunnena.

Ina 'yar shekara goma sha biyu, a shekarar da rediyo ba ta da zance sai yaƙi da Yahudawa, wata Asabar Kaka tana yi mini kitso ina mitar tuwo mai sanyi. Ta danna kaina ta ce, "Ci ki gode Allah, takwara. Mu jinin bayi huɗu ne, shi ya sa."

Ni kuwa abin da ya faɗa kunnena shi ne "Bayahudu". Na tsorata, amma wallahi son sani ya fi tsoron yawa.

Ban ce wa kowa ba, na shiga bincike. Akwai wata tsohuwa 'yar Yaman a lungunmu mai sayar da gurasa, wadda ta tashi a Sana'a. Na je na tsuguna gabanta kamar mai saye, na tambaye ta ko ta taɓa ganin Bayahude. Ta ce gani kai, katanga ɗaya ce tsakaninsu da wasu maƙeran azurfa, har tana da ƙawa a gidan da har yau take kewarta. Sai ta ƙara da cewa, "Ranar Asabar ba sa taɓa wuta. Ni suke kira in kunna musu fitila."

Shi ke nan, na ce magana ta tabbata. Mako guda ina sa wa Kaka ido. Salla biyar ba ta wuce ta, carbi ba ya barin hannunta, aikin hajji kuwa ta daina ƙirgawa. Na ce lallai ta iya ɓoyo. Ranar da ta fita barkar suna na buɗe adakarta, na tarar da wani baƙin ƙarfe da ya cinye, an naɗe shi a tsohon saƙi. Na jujjuya shi, na shinshina, na yanke cewa kayan ibadarsu ne.

Asabar ta zagayo, babana ya dawo daga aikin tashar jiragen ruwa cin abincin rana. Ina kallo ya kai loma baki na ce, "Abuya, sahih mu Yahudawa ne?"

Ya ƙware har sai da aka miƙa masa ruwa. "A'uzu billahi! Uwata, min gal lik? Wa ya faɗa miki?" Uwata yake kirana, don ba ya iya faɗin sunan mahaifiyarsa.

Na nuna Kaka. Ta ce in maimaita abin da ta ce, na maimaita. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ɗaga yatsu a gaban hancina. "Bayi. Huɗu. Wannan kunne naki sai an kai shi wanki."

Na zaci babana zai yi ajiyar zuciya. Sai na ga fuskarsa ta fi ɗazu ɓaci. Shi duk unguwa ya gaya musu kakansa malami ne da ya taso daga Kano don sauke farali.

"Inna, halas. A bar maganar nan," in ji shi.

"Ba halas ba. Ta tambaya."

Ta juyo gare ni. Ta ce a rinji aka haife ta, wato ƙauyen da mai dukiya ke tara bayinsa su noma masa gandu. Tana goye aka zo da labarin za a raba su bayan girbi, a kai uwarta wani rinjin. Sai mutum huɗu suka gudu: ubanta, uwarta, ƙanen uwarta, da wani dattijo da ya san hanyar gabas. Ita ba a sa ta a lissafi ba. Wunin farko, Asabar, a kwazazzabo suka yi shi kwance, suna jin kofaton dawakan masu nemansu. Ba halin hura wuta kada hayaƙi ya tona su, sai tuwon jiya da uwarta ta ƙullo. A nan suka yi alkawari, in Allah ya fid da su, hayaƙi ba zai ƙara tashi a gidansu ranar Asabar ba. Shekaru suka yi a hanya, suna noma suna gaba. Dattijon da ƙanen uwarta ba su ga teku ba, iyayenta ne kawai suka iso Jidda da ita.

"Ƙarfen da kika taɓa mini a adaka kuma, kina zaton ban sani ba, ruwan fartanyar ubana ne."

Na tambayi sunayensu. Ta ce sunayen da ubangijinsu ya laƙaba musu, a kwazazzabon suka baro su.

Babana ya ture kwanon. "Inna, kin san abin da yara ke kiran 'ya'yanmu a titi saboda fatarsu. In wannan ya fita fa?"

"Masu kiran ba su san komai ba. Ita yanzu ta sani."

Ya tashi ya fita bai wanke hannu ba. Na ji haushinsa ƙwarai a ranar. Sai da na haifi nawa na gane tsoro ne, ba girman kai ba.

Bayan shekara biyu Kaka ta rasu. Asabar ta farko bayan an watse zaman makoki, mahaifiyata, wadda ta yi shekara ashirin tana haƙuri da dokar, ta jawo risho ta fara ba shi iska. Ban ga laifinta ba.

Babana ya ce, "Bar shi."

Ya jawo kwanon tuwon jiya ya zauna a inda Kaka ke zama. Sannan ya ce, "Uwata, zo nan. Su huɗun nan, wa da wa ta ce miki? Ni ban taɓa tsayawa na ji ba."

Na zauna kusa da shi, na ɗaga yatsuna huɗu, na fara da mai goyo.